Yatsan Baffa Manga

A saman shagon tayil, can Tumfure,
mu huɗu, teburi ɗaya, fanka mai ciwon wuya,
muna ƙera manhajar cinikin hatsi,
muna faɗa a kan mutumin da ba mu taɓa gaisawa ba.
"Mai amfani" muke kiransa,
kamar ba a yanka masa rago ran suna ba.

Yila ya ce nasa ne.
Shi ke kwana da lambobi har kiran assalatu,
in ya janye hannu, allon ya koma baƙin faranti.
"Ku yi ta shafa fenti, ni na haƙa harsashi."

Rifkatu ta yi tsaki ba ta ɗago ba.
Sati biyu tana zaɓen kore guda,
koren ganyen wake bayan ruwan dare.
"Wa ya taɓa shiga gida ta harsashi?
Ƙofa ake nema, ni ce ƙofa."

Adda Dija kuwa littafinta ta buɗe,
ita da ta karanci halayyar ɗan Adam,
ta yi hira da mutum arba'in da bakwai.
"Ku kun san waya. Ni na san mai riƙe ta."

Ni ma ban yi shiru ba, kada in yi ƙarya.
Ni ke zaɓen kalmar da ke kan maɓalli,
na ce kurman gida kuka gina in babu ni.
Gonar gado ce muka tarar ba iyaka,
kowa ya kafa turke inda ƙafarsa ta tsaya,
ya ce daga nan har rafi na kakansa ne.

Ran Laraba muka cika Keke Napep
zuwa Tudun Hatsi.

Baffa Manga na zaune kan buhun wake,
yana sakace da tsinken tsintsiya.
Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar
kamar an miƙa masa jaririn maƙwabta.
Rana ta haɗiye koren Rifkatu, ɗungurungum.
Babban yatsansa, da igiyar buhu ta yi wa kanta,
ya danne maɓalli biyu a tashi ɗaya.
Da'irar Yila ta hau juyi, tana juyi,
har aka sauke mota guda ta masara.
Da ta tsaya, ga kalmata: Tabbatar.
Jikarsa ta karanta masa. Ya ajiye tsinken.
"Rantsuwa zan yi a kan wake buhu shida?
Shekara talatin ina ciniki da Inyamurai,
ba wanda ya ce in tabbatar."

Adda Dija ta duba littafi.
Cikin arba'in da bakwai ɗin nan
babu mai jika.

Sai ya tambaya, ba da faɗa ba:
"To, cikinku wane ne mai abin?"

Yila ya ce matsalar zane ce.
Rifkatu ta ce bincike bai faɗa mata rana ba.
Adda Dija ta kalle ni.
Ni na kalli awaki.
Gonar da muka yi wata biyar muna ja
ta zama marainiya kafin a kira azahar.

Ya yi dariya, ya auna mana gyaɗa rabin kwano.
"Ku sa ta yi magana. Fulatanci in ta iya.
Ku sa maɓallin ya kai girman kwabo.
Ku dawo ran da ba kasuwa."

A hanyar komawa ba mai cewa uffan.
Wayar na kan cinyar Rifkatu,
gwiwar Yila na tokare da tawa,
ga shatin yatsa, fari da ƙurar wake,
ya rufe rabin kalmata, ya hau kan korenta.
Yila ya zaro hankici.
Adda Dija ta riƙe masa hannu.